Fatar da Gidan Balan Suka Ba Gavril

A ƙauyen Arini ba a tambayar inda Gavril Moisa yake, hanci ne ke nunawa. Tun gemu bai fito masa ba ya shiga majemar gidan Balan da ke bakin kogin Trotush, warin kitsen beyar da na ruwan jima ya kama jikinsa, har furfura ta rufe shi bai sake shi ba. A coci kusa da ƙofa ake bar masa wuri, kuma ba don girmamawa ba. Matarsa Saveta ta gwada sabulu kala-kala, ta gwada toka, ta gwada ruwan tsami, daga bisani ta haƙura. In mata suka tsokane ta sai ta ce ai warin nan ne ya yi wa gidansu rufin kwano, kowacce ta je ta shinshina nata mijin ta ji me ya tsinana.

Sana'ar gidan Balan ta manya ce. Masu hali su zo daga babban birni Bukares ko daga ƙasashen waje, a kai su daji a nuna musu beyar, ƙaton naman dajin nan mai kaurin gashi da farata, ko aladen daji, ko namijin barewa mai ƙaho kamar reshe, su harba, a feɗe, a kawo fatar. Bayan watanni mai ita ya dawo ya tarar da dabbarsa a tsaye, an ɗinke fatar a jikin gunki, an sa idon gilashi, baki a wangame. Ya ɗora a mota ya kai falonsa, ya riƙa ba baƙi labarin yadda ta kusa cinye shi. Masu ɗinki da sa ido suna ɗakin gaba, inda akwai taga da murhu. Gavril yana can baya inda ƙasa ba ta bushewa, tsakanin buhunan gishiri da manyan baho na katako.

Duk fatar da ta shigo, a hannunsa take kwana. Ta beyar takan zo da kitse mai kaurin tafin hannu, kitsen nan kuwa riƙe zafi yake yi, in ba a kankare shi da wuri ba fatar ta dafu a cikin kanta. Sai ya shimfiɗa ta a kan gungume ya bi ta da kartaji, ƙarfen kankare fata. Ya juya kunnuwa ciki waje har tsininsu, da babban yatsa kawai. Ya tsaga leɓɓa ya buɗe su don gishiri ya ratsa, ya rage fatar ido har haske na keta ta, ya zare ƙasusuwan tafin ƙafa gaɓa-gaɓa ya bar farata a mazauninsu. Daga nan sai gishiri, a shanya, a jiƙa a ruwan tsami, a sake kankarewa, a tsoma a ruwan alif, a shafe da mai, a yi ta murza har ta yi laushi. A wurin kankarewar nan ake gane majemi, domin saiwar gashin beyar can ciki take nutsewa. Wuƙa ta ɗan zarce ta yanke saiwa, gashi ya kama gabansa. Hannun Gavril bai taɓa zarcewa ba. Abin da ya tsira da shi a sana'ar dai shi ne yatsun da ba sa miƙewa, da tari duk lokacin sanyi, da gwiwoyin da ke ƙara in zai tsuguna.

Ba a taɓa jin ya koka da wannan ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai tun yana yaro, fatar beyar tasa ta kansa, wadda zai shiga ya yi rawar ƙarshen shekara.

Ranar ƙarshen shekara beyar ke fita a ƙauyukanmu. Maza su shiga fatun, kan dabbar bisa kansu, jajayen tuntaye na lilo a kunnuwa, makaɗa a gaba, mai jan beyar yana busa usur yana waƙa, a bi gida-gida. A kowace farfajiya a taka rawa, sannan beyar ɗaya ya faɗi ya mutu, mai ja ya yi masa kuka ya tashe shi, masu gida su fito da giyar tsuika da burodi, shekara ta shigo da albarka. To amma layin nan kowa da matsayinsa. Masu fatar kansu, wadda suka gada ko suka saya, su ne a gaba, kuma a cikinsu ake zaɓar wanda zai mutu a tashe shi. Masu aro na biye da su. Can wutsiya kuma sai 'yan buzun tumaki da aka rina baƙi, waɗanda ko karnuka ba sa ɓata haushinsu a kansu.

Uban Gavril mai saran itace ne, ya mutu bai bar komai ba sai gatari da buzun tunkiya. A buzun nan Gavril ya fara rawa. Da ya zama magidanci sai ya koma aro: bana fatar wanda ya tafi ci-rani Italiya, baɗi ta wanda ya karye a ƙafa, duk wadda aka ba shi ko ta yi masa jan ƙasa ko ta ɗage. Abin takaicin, kusan duk fatar da ke layin gaba shi ya jeme ta ko ya yi mata faci. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san wadda harsashi ya huda a kafaɗa da wadda asu ya ci a wuya. Haka yake tafe a bayansu yana kallon ɗinkin hannunsa.

Ifrim, mai jan beyar na Arini, abokinsa ne tun na wasan ƙasa, shi ya sa bakinsa ba shi da linzami a kansa.

"Kai Gavril, bana beyar ɗin wa za ka shiga? Ko mu ɗaura maka tuntu a kunne ka fito haka nan? Ai warin ma ya wadatar."

"Ja can, ɗan usur. Ranar da na fito da tawa sai ka nemi izini kafin sandarka ta taɓa ni."

"Allah ya nuna mana muna da haƙora. Zanen aro dai ba ya rufe katara."

A kwashe da dariya, Gavril ya fi kowa ɗaga murya, ya dawo gida ya tasa mamaliga, tuwon masararmu, a gaba har ta huce.

Tsoho Sandu Balan, wanda ya koya masa aikin, ya san da wannan ciwo, kuma shi ya fara yi masa alkawari. "Baɗi, Gavril. Bari dai a samu wadda ba mai ita." A zamanin tsohuwar gwamnati kowane beyar na manyan jam'iyya ne, ka taɓa gashinsa ka kwana a kurkuku. Da gwamnatin ta faɗi sai kowane beyar ya koma na mai kuɗi, abin da ake zubarwa a harbi ɗaya majemi ba ya ganinsa ko a mafarki. Wadda ba mai ita ba ta zo ba. Amma Sandu ba maƙaryaci ba ne, jinkiri ne ya yi masa yawa. Yana kan gadon mutuwa ya kira ɗansa Dorin a gaban Gavril ya ce, "Na yi wa mutumin nan alkawarin fata. Kada ka bari ya ajiye aiki ba ka ba shi ba." Dorin ya ce to, yana satar kallon agogo.

Dorin ɗan zamani ne. Ya yi karatu a birni, ya dawo ya cika majema da manyan firiza, ya sauya gumakan katako da ciyawa da na roba marasa nauyi, ya iya gaisuwa da yaren duk wanda ya zo da jakar kuɗi. Bai taɓa ɗaga wa Gavril murya ba. "Nea Gavril" yake ce masa, yadda ake kiran na gaba, ya dafa kafaɗarsa, sannan ya goge hannun a wando. Shi kuma Gavril "Domnu Dorin" yake ce masa, wato maigida.

Shekaru suka yi ta ja, gwiwoyin Gavril suka fara ƙin hawa tudu. Fatar rawa kuwa nauyinta ya kai na buhun masara, kuma yini ake yi ana tsalle da ita. Shi da kansa ya san rawa ɗaya ta rage masa, ita ma in Allah ya taimaka. Ya gaya wa Dorin zai ajiye kartaji in kaka ta wuce. Bai tayar da zancen alkawari ba, don a ganinsa raini ne a tuna wa ɗa maganar ubansa.

A cikin kakar nan aka yi wasu kwanaki na zafin da bai dace da lokacin ba. A ɗaya daga cikinsu wani ɗan Italiya ya harbi ƙaton beyar mai duhun gashi, irin wanda ake daɗewa ba a ga kamarsa ba. 'Yan rakiyarsa suka feɗe a gurguje, suka naɗe fatar da ɗuminta da kitsenta, suka cusa a baƙar leda suka jefa bayan mota. Aka tsaya ɗaukar hoto, aka tsaya cin abinci, aka tsaya shan giyar murna, mota tana can cikin rana. Sai washegari fatar ta iso majema.

Gavril na kwance ledar ya ji, tun bai sunkuya ba. Wari ne daban da wanda ya saba, mai wani zaƙi-zaƙi. Ya kama gashin bayan kunne da yatsu biyu ya ja a hankali, gashi ya biyo shi ba gardama. Ya gwada a kwiɓi, ya gwada a gadon baya, duk kanwar ja ce.

"Domnu Dorin, wannan ta tafi. Gashi ya saki."

"Haba Nea Gavril, ba wata dabara? Mutumin nan duk shekara yake zuwa."

"Wanda ya saki ya saki. Alif zai ɗaure saura na ɗan lokaci. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin wadda ta warke ba."

Dorin ya ja tsaki, ya buɗe firizar ƙurya, ya jawo wata fatar mai girma da duhu kusan irin na waccan. Ta wani ce da ya harba bara, ciniki ya ɓaci tsakaninsu, ya tafi bai waiwayo ba. Gavril ya bi ta da ido. Ashe wadda ba mai ita tana nan, tana kwance cikin ƙanƙara, taku kaɗan daga gungumen da yake aiki.

"A yi masa da wannan," in ji Dorin. "Ya san fuskar beyar ɗinsa ne? Da ido a rufe ya harba. Waccan kuma a kankare a zuba mata gishiri, kada a yar."

Lafiyayyar fatar nan ita ce aikin Gavril na ƙarshe a gidan Balan. Ya juya mata kunnuwa, ya tsaga mata leɓɓa, ya jeme ta har ta yi laushin riga, ya miƙa wa masu ɗinki. Bai rage mata komai ba.

Ranar sallama aka jera tebur a ɗakin gaba, ga tsuika, ga gasasshen nama, ga ma'aikata duka. Dorin ya miƙe ya yi jawabi a kan amana da daɗewa, har muryarsa tana rawa. Sannan ya yi alama, mutum biyu suka shigo da wani ƙunshi a ɗaure da jan ƙyalle suka dire a gaban Gavril. Tsohon ya jawo ƙunshin. Ya kwance ƙyallen da yatsunsa masu tauri, ya buɗe gefe ɗaya, ya ga ɗan filin bayan kunne inda shi da kansa ya ja gashi.

"Mahaifina ya yi alkawari, ni na cika," in ji Dorin. "Ga ta nan, Nea Gavril, duk kwarin nan babu mai girmanta. 'Yar matsalar da ke jikinta kuwa, wa ya kai ka sanin maganinta?"

Aka tafa. Masu ɗinki, da suka san tarihin fatar, kowa ya tsura wa kofinsa ido. Ni dai har gobe jan ƙyallen nan ne ban yafe wa Dorin ba. Da ya ce ga shara nan in kana so ka ɗauka, da da sauƙi. Da Gavril mai zuciya a kusa ne kuma, da ya bar masa kayansa a kan tebur. Amma tafin hannunsa ya riga ya sauka a kan gashin nan mai sheƙi, ya ji kaurinsa, ya ga faɗin kafaɗun, ya hango kansa a gaban layi.

"Na gode, Domnu Dorin," ya ce. "Allah ya jiƙan Nea Sandu."

Saveta ta kwana da majemi shekarun da suka ishe ta sanin fata. Tana ganin ya shimfiɗa ta a rumfar bayan gida ta riƙe ƙugu.

"Wannan ba ita ce ka ce ta ruɓe ba?"

"Ba ruɓewa ta yi ba, tsohuwa, ɗan taɓuwa ce."

"Da bakinka ka ce min ba ka taɓa ganin wadda ta warke ba."

"Don ba a taɓa zama a kanta ba ne. A majema wa ke da sukuni? Ni kuwa yanzu me nake yi in ban da zama?"

"Kai mutumin nan, ka ji tsoron Allah, kada ka kunyata kanka da tsufanka. Ka je wurin Ifrim ya nemo maka aro kamar kullum. Ɗan gidan Aglaia yana Sipaniya, tasa tana can a rataye."

"Na gama aro."

Ta san wannan muryar, sai ta koma ɗaki.

Tun daga faɗuwar ganye har dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu Gavril yana rumfar nan. Ya haɗa ruwan alif mai ƙarfi ya tsoma ta, bai murza ba, bai matse ba, ɗaukarta yake kamar ƙwai. Inda ya lalace sosai ya yanke ya haɗe baki ya ɗinke. Inda ya yi faɗi ya toshe da guntayen fatun da ya daɗe yana tsincewa a ƙasan tebur in masu ɗinki sun datse, yana zaɓar launi da kwanciyar gashi. Inda ya yi sanƙo ya dasa gashi da gam, tsunki-tsunki, har idonsa na ruwa. Ya yi mata shafi da buhu daga ciki, ya sassaƙa katakon da zai riƙe kan. Saveta tana mita tana saƙa tuntaye, jajaye jawur, kowane ya kai girman burodi.

Kuma ta yi kyau, wannan ba mai musu. Da a jikin gunki za a ɗinka ta a tsayar a kusurwar falo inda ba mai taɓawa, da ta shekara da shekaru. Amma fatar rawa gumi take sha daga ciki, dusar ƙanƙara daga waje, ga birgima a ƙasa. Gavril ya fi kowa sanin haka, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutumin da ba ya wuce fata, ko ta rigar baƙo ce, bai kama gashinta ya ɗan ja ba, wannan kam shafa ta kawai yake yi, shi ma ta inda gashi ya kwanta.

Ana saura 'yan kwanaki Ifrim ya leƙo rumfar da tsokanarsa a baki. Yana ganin fatar a rataye ya haɗiye tsokanar. Ya kewaya ta, ya cire hula ya sosa kai.

"Kai! Ashe ɗan Balan yana da zuciya a ƙirji? To, majemi, magana ta ƙare. Bana kai ne a gaba, kuma kai za ka mutu tun daga gidan farko."

Ranar ta zo da dusar ƙanƙara mai ruwa-ruwa. Saveta ta taya shi shiga, ta ɗaure masa igiyoyin ƙirji, ta ɗora masa kan. Da ya fito bakin titi ganguna suka ɗauka, samari suka yi ihu, mata suka leƙo ta kan shinge suna tambayar wane ne wannan ƙato. Gaskiya zan faɗa, daga ƙofar gidansa zuwa gada ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin na Gavril ba. Gwiwoyin da ke ƙin tudu suka manta da kansu. Yana juyi tuntaye na tashi, yana dira ƙasa na amsawa, masu fatun gado duk suna bayansa suna kallon nasa ɗinkin.

Gidan farko na Aglaia ne, gwauruwar da ke riƙon jikoki. Aka yi rawa, Ifrim ya busa usur, ganguna suka tsaya, Gavril ya yi tangal-tangal ya zube rubda ciki. Ifrim ya durƙusa ya fara kukan beyar ɗinsa. A daidai wannan gaɓar uwargida kan matso ta tsinki gashi kaɗan daga bayan mamacin, ta ajiye don turara yaron da ke firgita a barci, ko ta soke a garken shanu. Lafiyayyar fata sai an yi da gaske take ba da sili uku ko huɗu, shi ya sa matanmu suka saba finciko da ƙarfi. Aglaia ta finciko da ƙarfi. Gashi ya cika mata hannu, ya bar wani farin fili a gadon baya, faɗin tafin hannu.

Ta tsaya tana kallon hannunta. Wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kai jama'a, beyar ɗin Gavril mai kyauta ne!" Maƙwabciyarta ta ce ai nata jikan ma ba ya barci, ta miƙo hannu. Wata ta biyo. Mataccen beyar kuwa ba ya motsi sai waƙa ta ƙare. Gavril yana kwance, fuska a cikin ƙanƙara, yana jin hannaye a bayansa, yana jin ɗan sautin nan da ya sani sarai, na gashin da ke barin fata ba gardama.

Ifrim ya gutsure waƙar ya tashe shi da sauri. Da suka fito titi ya matso kusa da bakin beyar ɗin ya yi ƙasa da murya.

"Gavril, koma tsakiyar layi mana. A sa wani ya riƙa mutuwa, kai ka yi rawarka."

"Tawa ce ko ta aro?"

"Taka ce, amma…"

"To ja mu je."

Labari ya riga su isa gida na gaba. Mata suna jira a farfajiya, har da waɗanda ba gidansu ba ne. Ba mugunta ce ta kawo su ba, albarka ce ta yi araha, kowacce kuwa tana da yaro ko saniya. Daga baya ma ba a bukatar hannun kowa. Gumi ya jiƙa shafi, ruwan ƙanƙara ya narkar da gam, duk dirar da ya yi sai gashi ya tashi ya sauka a bayansa. Facin da ya ɓoye ya fito fili, ɗinki ya bayyana layi-layi, a kafaɗa ɗaya har buhun ciki ana gani. Saveta ta biyo layin, ta tattare ɗan zanen aikin da ke ɗaure a gabanta, tana sunkuyawa tana tsince gashin daga ƙasa tana zubawa a ciki, tana zagin duk macen da ta matso.

"Ku ji kunya! Kaza ce da za ku fige ta? Ke Aglaia, da ta ɗanki ce za ki yi mata haka?"

Shi kuwa bai fasa ba. Gida bayan gida yana faɗuwa yana tashi, dariya tana raguwa, har aka kai inda mutane suka daina dariyar suna kau da kai. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Rana ta karkata suka hau tudun gidan Dorin Balan, gidan da ya fi kowane girma a Arini, kuma inda kyauta ta fi tsoka. Duk shekara yakan gayyato manyan abokan cinikinsa daga Bukares su tsaya a barandar bene da kofuna a hannu su sha kallo. Dorin ya sauko da kansa ya buɗe ƙofa yana murmushi. Idonsa ya faɗa kan beyar ɗin da ke gaba, murmushin ya ɗauke. Ya jawo Ifrim gefe, amma saboda ganguna dole ya ɗaga murya.

"Wannan ba zai shiga ba."

"Domnu Dorin, ai Gavril ne. Shi ke mutuwa bana."

"A sa wani. Mutanen da ke saman nan su ke kawo min aiki. Su ga wannan abu a farfajiyata su ce me?"

Ifrim ya dubi samarin da suka yini suna tsalle suna jiran gidan nan, ya dubi abokinsa. Ya tako a hankali, ba tsokana ko ɗaya a bakinsa.

"Gavril, ɗan jira mu a nan. Gwiwarka ma ta huta. Yanzu za mu fito."

Masu fatun gado suka ratsa ta gefensa suka shiga, masu aro suka shiga, 'yan buzun tumaki suka shiga, aka turo ƙofa. Ya rage shi da Saveta a bakin shinge. Daga ciki aka yi rawa, usur ya yi ƙara, ganguna suka tsaya, wani beyar ya faɗi. Cikin shirun nan muryar wani baƙo ta sauko daga baranda tar.

"Dorin, wancan figaggen da ke waje fa? Kada dai ka ce min daga majemarka ya fito."

"Wa? A'a, ranka ya daɗe, ba aikin gidanmu ba ne. Aikin Gavril Moisa ne, tsohon da ke cikinta. Shi ya jeme abarsa a gida."

"Allah ya kyauta! Ka ga abin da ya sa nake kawo nawa wurinka. Wanda ka yi min tun kafin in aurar da 'yata, har yau ko sili ɗaya bai faɗi ba."

Gavril ya gane muryar, ya kuma tuna beyar ɗin, wani ja-ja mai tsagaggen kunne da ya sha wahalar juyawa. Fatun da suka bi ta hannunsa suna tsaye a falo-falo daga nan har bakin teku, kuma duk tsawon zamansa a gidan Balan ba a taɓa faɗa wa baƙo sunansa ba sai yau.

Saveta ta ɗaga kai sama ta cika ƙirji za ta yi magana. Gavril ya ɗora mata tafin beyar a kafaɗa.

"Bari, tsohuwa. Bai yi ƙarya ba, ni na jeme ta." Yana haki ya sunkuyo mata da kai. "Kama min kan nan in fito, wuyana ya gaji."

Hannayenta biyu suna riƙe da bakin zanen, cike da gashin da ta yini tana tsincewa. Ta dubi gashin, ta dubi mijinta ta cikin bakin beyar. Ta saki zanen, ta kama kan.